Wane abin wuya ya dace da kwikwiyon gadi da yake kan girma?

Mai kaji daga Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kare. Ina da ɗan gidan kaji a hanyar Ejisu kusa da Kumasi, kuma saboda masu haurowa da dare na samo kwikwiyo. Ruwa biyu ne, ubansa Boerboel (wani jinsin babban karen gadi), uwarsa karyar gida, watansa 5 yanzu. Damuwata ja. Da an ɗaura masa igiya sai ya duƙar da kai ya yi gaba har ya kama tari yana kakari. Ɗana mai shekara 12 ne yake fita da shi da yamma, kuma ya fara fin ƙarfin yaron. Abin wuyan da ya zo da shi ma ya kai hudar ƙarshe.

A kasuwar Kejetia wani mai shago ya nuna mini iri huɗu: na nailan mai kan bel, sarƙar zarge da take matsewa in ya ja, mai haƙoran ƙarfe ta ciki, sai mai batir da rimot wanda yake jan kare da wuta. Ya ce in ɗauki mai haƙoran, in sayi babba ya girma a ciki. Zuciyata ba ta kwanta ba. Wanne ya dace da shi a wannan ƙuruciyar, kuma yaya ake gane ya zauna daidai?

Tsohon mafarauci, Sabon Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni da sarƙar zarge na hori karnukana, amma tana da ƙa'ida. Can sama take zama, bayan kunnuwa. Ka ɗan fizga, ka saki nan take, ba a riƙe ta a matse. Kada kuma ka taɓa ɗaure shi a turke da ita ka tafi. Na ga karen da ya tsallake katanga da irin wannan sarƙa a wuya, kafin gari ya waye ya rataye kansa.

Likitar dabbobi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Gargaɗinka a kan turke gaskiya ne, kowa ya riƙe shi. Sai dai a kan sarƙar ina roƙon a yi wa wannan kwikwiyo haƙuri. Hannunka ya san lokacin fizga da lokacin saki saboda ka daɗe kana yi. Yaro ɗan shekara 12 bai sani ba. Kare zai ja, shi ma ya ja, sarƙa ta zauna a matse har su dawo gida.

Alhaji, tarin da kake ji maƙogwaronsa ne ake dannewa. A gaban wuyan kare akwai hanyar numfashi da jijiyoyin jini, kuma a wata 5 jikinsa bai gama ƙwari ba, yanzu ma yake zubar da haƙoran nono. Jinin Boerboel, wanda asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, ba ya gama girma sai ya kai wajen wata 18 zuwa shekara 2, namiji kuma yakan haura kilo 60. Naka ruwa biyu ne, wataƙila ba zai kai haka ba, amma ka shirya wa babban kare.

Mai haƙora da mai wuta ka bar su a shago. Da zafi suke aiki, kuma ba kullum kare yake sanin cewa jansa ne ya jawo zafin ba. Wani sa'in abin da idonsa yake kai a lokacin shi yake ɗora wa laifi. In ya hango yara suna wasa ya zabura, ƙarfe ya cije shi, a hankali sai ya ɗauka ganin yara shi ne ciwo. Ga kare mai wannan ƙarfi a unguwa mai cunkoso irin Aboabo, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta mai wutar tun 2010.

Abu biyu za ka saya. Na farko abin wuya mai faɗi, na nailan ko fata mai laushi, faɗinsa kamar santimita 3 zuwa 4, domin siriri yana yanka. Ari tef ɗin tela ka auna tsakiyar wuyansa yana tsaye, ka ƙara santimita 5. Zaɓi wanda zai zauna masa yau a huda ta farko ko ta biyu, sauran hudojin su jira girmansa. Bayan ka ɗaura, zura yatsu biyu a kwance tsakanin abin da fatarsa. In ba su shiga ba, ya matse. In sun shiga har da sarari, jawo shi ta kan kunnuwa ka gani, in ya fita ya yi yawa. Maganar sayen babba ya girma a ciki ba daidai ba ce: zai zame kai a bakin titi, ko ya zura haɓarsa ko ƙafarsa ta maƙale.

Na biyu ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, ita za a riƙa maƙala wa igiya in za a fita. In ya ja, sai ta juyo da shi gefe wajen mai riƙo, wuya kuma ya huta. Sauran aikin na hannu ne. Da igiya ta miƙe, a tsaya cik. In ya sassauta ya waiwayo, a yabe shi, a ba shi ɗan guntun nama ko busasshen kifi, a ci gaba. Minti 10 safe da yamma a cikin gida ya fi doguwar tafiya ana kokawa.

Baduku daga Alabar:
Yaya, in fata kake so kawo awon a yanka maka, huda bakwai, tazarar santimita 2. A tabbata zoben waldararre ne, wanda aka lanƙwasa kawai yana buɗewa. Amma gaskiya ɗaya, ko da sana'ata ce: damina biyu muke yi a Kumasi, fata in ta jiƙe ta bushe takan yi tauri ta goge masa gashi. Yanzu da zai sake girma cikin 'yan watanni, nailan ya fi maka sauƙin kuɗi da wanki. Ka bari ya tsaya da girma, sannan a yi masa na fata mai kyau.

Hajiya daga Asawase:
Ƙanena, ni abin da ya fi ci mini rai shi ne mantuwa. Wasu maƙwabtanmu sun ɗaura wa kwikwiyo igiyar leda suka bar shi a bayan gida. Yana girma igiya tana nutsewa cikin nama, gashi ya rufe ta, ba wanda ya lura sai da wari ya tashi. Da aka kai shi asibitin dabbobi sai da aka sa masa barci kafin a ciro ta. Tunda naka a gidan kaji yake kwana, ba kullum idonka yake kansa ba, ka sa rana guda a mako, ko Juma'a bayan masallaci, ka kwance abin ka duba da hannunka. Kaska tana son ɓuya a ƙarƙashinsa. In kuma ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce da suke ɗauka in suna kwanciya a ƙasa mai danshi da fitsari, sai a gyara makwancinsa.

Malamin makarantar allo:
Riƙon kare don gona da kiwo da farauta ya zo a hadisi, malamai da dama kuma sun shigar da gadi a ciki. Amma wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyansa. Alhaji, an yi masa allurar haukan kare? Daga wata 3 ake yi, tunda yaro ne yake riƙe shi kada a yi wasa da ita.

Mai kaji daga Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Malam, an yi allurar, katinsa yana hannuna. Na auna wuyan, santimita 38. Likita, saura tambaya guda: wani lokaci in mashin ya wuce yakan ja da baya yana neman zame kai. Me zan yi?

Likitar dabbobi:
To nemi abin wuyan da ya kama daga santimita 43 zuwa sama. Don zamewar kuma akwai wanda ake kira matingel. Faɗinsa kamar na nailan, amma yana da ƙaramin madauki da yake matsewa kaɗan ya tsaya, ba kamar zarge da ba ta da iyaka ba. An yi shi ne don karnuka masu siririn kai irin na farauta. Saita shi yadda in ka ja madaukin har ƙarshe, zobba biyun da madaukin ya ratsa ba za su haɗu ba, a bar kamar yatsu biyu tsakaninsu, kuma kare bai shaƙe ba. Shi ma na fita ne kawai, a cire in an dawo, ba a kwana da shi a keji.

Kuma har ya koyi tafiya da sakakkiyar igiya, babba ya riƙe, yaron ya bi gefe da kifin a hannu. Kada a bar shi ya naɗe igiyar a tsintsiyar hannunsa, ya riƙe madaukin a tafin hannu yadda zai iya saki in karen ya zabura.