Alamomin taswira sun ɓace bayan sabuntawar tsaro: in cire ta ko in bari?

Mai_Taswira: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa taswirar rijiyoyin burtsatse da asibitocin wata ƙaramar hukuma da manhajar taswira ta ArcMap, ranar Alhamis zan miƙa. Jiya da dare kwamfutar ta sauke sabuntawar tsaro ta Windows, da safe na tarar alamar rijiya ta koma harafi, ta asibiti ta koma ɗan akwati. Layukan hanya da iyakoki lafiya lau. In cire sabuntawar, ko akwai gyara? Kwamfutar ofis ce, ba ni da ikon goge ta gaba ɗaya.

Ɗan_Fagge: Wa alaikumus salam. Ka yi mata fomatin kawai ka huta.

Tsohon_Safiyo: Kada ka kuskura. Haka wani mai gyara ya ce min. Ya karɓi dubu goma sha biyar, ya rantse ya kwafe min komai, ashe bai taɓa jakar da awon filayena ke ciki ba. Aikin unguwa guda, wanda na yi ƙafa da ƙafa cikin rana. Masu filaye suka riƙa sallama a ƙofar gidana, wani har ya kai ƙarata wajen mai unguwa. Sai da na sake awon da kuɗin aljihuna. Alamomin kuma ba su dawo ba!

Ɗan_Fagge: Baba, an cuce ka tun a farashi. Dubu biyar ake yi.

Ummu_Hanan: A wajenmu takwas ne. Allah ya mayar da alheri, Baba. Mai_Taswira, bayananka na nan daram. Yawancin alamomin ArcMap haruffa ne a cikin fayilolin salon rubutu, irin su ESRI Default Marker. Idan Windows ta kasa loda fayil ɗin sai ta ɗauko wani salon, shi ne kake ganin harafi. Duba jakar Fonts ta Windows, inda ake ajiye salon rubutu. Idan suna nan, mai kula da kwamfutocinku ya sake sanya su ga duk masu amfani da na'urar, a kashe a kunna. In ka zo fitar da PDF, ka zaɓi a cusa salon rubutun ciki.

Injiniya_Zariya: Ni cirewa na yi, komai ya dawo.

Ummu_Hanan: Ya dawo, amma ka buɗe ƙofa. Cutar kwamfuta ta WannaCry ta watan Mayun 2017 kwamfutocin da ba su sa sabuntawar tsaro ta watan Maris ba ta kama.

Injiniya_Zariya: Hajiya, wannan karatun aji ne. Mu a fili muke, mutum Alhamis ke jiransa.

Tsohon_Safiyo: Injiniya, wa ya fi ni daɗewa a fili? Maganar Hajiya zan bi.

Ɗan_Fagge: To ka rubuta a ƙasan taswirar: duk inda kuka ga harafi, ku zo da jarka 😂

Bakatsine: Ku koma manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce, tana da alamomin SVG, wato zanen hoto, da ba ruwansu da salon rubutu.

Mai_Taswira: Hajiya na gode, na duba, fayilolin na nan. Mai kula da kwamfutocin ne ya yi tafiya.

Bakatsine: Ni abin da ke ci min rai data ce. Ka sayi ta wata, ka haɗa laftof da waya, sabuntawa ta shanye rabi.

Injiniya_Zariya: Kai da kake samun sabuntawar ma. Tallafin Windows 10 ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma sai kwamfuta mai sashen tsaro na TPM 2.0. Ofishinmu duk tsofaffin kwamfutoci ne, mun rubuta takarda har yau shiru. Nawa ake sayar da ta hannu mai ɗaukar 11 a Kano yanzu?