Godzilla na 1954: Ramuwar Gayya Ce Ta Kai Shi Tokyo?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan a kan bakana: Godzilla, dodon teku na fim ɗin farko, baƙi-da-fari na kamfanin Toho da ya fito a 1954, ramuwa ya je yi Tokyo. Ku tuna bayanin da Farfesa Yamane, masanin da ke cikin fim ɗin, ya yi wa 'yan majalisa bayan dawowarsa daga tsibirin Odo, inda aka fara ganin dodon. Ya ce halitta ce tun ta zamanin da, tana can ƙarƙashin teku ba ruwanta da kowa, sai gwaje-gwajen bom ɗin haidurojin suka lalata mata makwanci suka koro ta waje. Hatta yashin da aka ɗebo daga sawun dodon sai da aka samu burɓushin nukiliya a ciki. To wanda aka ƙone wa gida, ya fito ya cinna wa garin mutane wuta, me sunan wannan in ba ramuwar gayya ba?

Yaya Bala: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ramuwa a kan wa? Wa yake tayar da bom a tekun Fasifik a lokacin? Amurka. Wa aka tattake? Mutanen Tokyo, waɗanda su ma ba su gama warkewa daga yaƙi ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Da dodon nan yana da hankalin riƙe abu a zuci, ai Hawaii ko San Francisco zai nufa.

Dabba ce da aka firgita, kuma fim ɗin bai ɓoye haka ba. A fitowarsa ta farko a unguwar Shinagawa ta Tokyo, Yamane ya yi ta roƙon sojoji kada su haska masa fitila, don haske harzuƙa shi yake yi. A dare na biyu agogon ginin Wako da ke Ginza ya buga, ya juyo ya yi masa ruri, ya wargaza shi. 'Yan jarida suna kan hasumiya kyamarorinsu na ta walƙiya, ya taka har wurin ya kafa wa ƙarfen haƙori ya karya. Duk abin da ya yi ƙara ko ya yi haske, shi yake auka wa. Ina dabara a nan? Ina shiri?

Nasiru: Yaya, shi ina ya san Ba'amurke, ina ya san mutumin Japan? A wurinsa ɗan Adam ɗan Adam ne. Sannan dabbar da aka firgita gudu take yi. An kafa masa shingen lantarki mai ƙarfin bolt 50,000 a gaɓar teku, an yi masa ruwan harsasai. Ya hura numfashinsa turakun suka narke suka lanƙwashe. Daga nan ba mai iya tare shi, ga teku a bayansa. Me ya hana shi komawa? Sai ya kutsa cikin gari, a hankali, unguwa bayan unguwa, yana sa wuta. Tafiyar da ya yi a daren nan ba ta mai neman tsira ba ce.

Hauwa'u: Yaya Bala da Nasiru, ku yi mini afuwa, amma ina ganin ku duka biyun kun tsaya leƙen zuciyar dodon, alhali kyamarar ba can ta tsaya ba. Ku duba inda Ishiro Honda, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, ya fi ɓata lokaci. Ga wata mata a tsugune a gindin bango, wuta ta kewaye ginin, ta rungume 'ya'yanta tana ce musu su yi haƙuri, saura kaɗan su je wurin babansu. Ba a gaya mana abin da ya kashe uban ba, amma shekara tara ke nan da gama yaƙi, duk mai kallo a Japan ya san amsar. Washegari a asibiti mutane kwance a ƙasa har kan hanyar wucewa. Likita ya kara na'urar auna tururin nukiliya a jikin wani yaro, na'urar ta kama ƙara, likitan ya girgiza kai. Yaron yana zaune lafiya lau, ba rauni ko ɗaya da ido zai gani. Wata yarinya kuma tana kuka ana ɗauke gawar uwarta.

Wace dabba ce take barin irin wannan ciwo a jikin wanda ko taɓa shi ba ta yi ba? Godzilla shi ne bom ɗin kansa, aka yi masa ƙafafu don mutane su ga yadda yake cin gari sannu a hankali. Bom kuwa ba ya jin haushin kowa. Shi ya sa bai zaɓi mai laifi ba.

Malam Idi: Hauwa'u ta taɓo wurin. Bari in kawo abin da ya faru a shekarar, don shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bom ɗin haidurojin a tsibiran Bikini da ke tekun Fasifik, gwajin da ake kira Castle Bravo. Ƙarfinsa ya kai megatan 15, wato na tan miliyan 15 na nakiya, ya ninka abin da masanan suka yi hasashe fiye da sau biyu. Akwai wani jirgin masunta na Japan, Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki, yana kamun kifin tuna a wajen iyakar yankin haɗari da aka shata. Farin toka ya yi ta zuba a kansu tsawon sa'o'i. Suka koma tashar Yaizu dukkansu ba lafiya, kuma a watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. An yi ta zubar da kifi, mutane suka ƙaurace wa kasuwar tuna. A watan Nuwamba fim ɗin ya fito.

Yanzu ku tuna yadda aka buɗe shi: ma'aikatan jirgin ruwa suna hutawa, wani na kaɗa jita, sai wani haske mai kashe ido ya taso daga teku, jirgi ya kama da wuta, mai rediyo yana ta aika saƙon neman agaji. Sai kuma hirar fasinjoji a cikin jirgin ƙasa, inda suke ƙorafin gurɓataccen kifi, wata mata tana cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki, wani yana cewa ashe za a sake komawa ramukan ɓuya. Shi kansa Honda soja ne da aka kama a China, kuma a hanyarsa ta komawa gida a 1946 ya ratsa ta Hiroshima ya ga abin da ya rage.

Yaya Bala: Malam, ban musa tarihin ba ko kaɗan. Amma ku amsa mini wannan. In Godzilla bom ne, me ya sa mutanen tsibirin Odo suka san sunansa tun kaka da kakanni? Tsohon nan ya faɗa da bakinsa: in kifi ya ƙare a teku, dodon yakan fito tudu neman abinci, kuma a da budurwa ake ɗorawa a kan kwale-kwale a tura masa. Rawar da aka nuna a daren nan ragowar wancan tsafin ce. Ke nan yana nan tun kafin a san wani abu nukiliya, kuma yunwa ce take fito da shi. Shi ma Yamane bai ɗauke shi makami ba. Har cacar baki suka yi da Ogata, saurayin 'yarsa, ya kore shi daga gidansa, saboda shi yana son a bar dodon da rai a binciki yadda ya sha tururin bom bai mutu ba. Masanin halittu ne yake kallon halitta.

Hauwa'u: Dodon da tsohon ya ba da labari kifi yake ci, Yaya. Bai ce yana hura wuta ba, bai ce rijiya tana gurɓata in ya wuce ba. Wanda ya fito a 1954 ƙayoyin bayansa haske suke yi kafin ya saki numfashi. Kuma a duk daren da ya ƙone Tokyo ba a nuna shi yana neman abinci ba. Taragon jirgin ƙasan da ya ɗauka a baki ma yarwa ya yi.

Nasiru: Madalla, ai kin taya ni. Ba yunwa ba ce. To in ba yunwa ba, kuma ba tsoro ba, me ya rage?

Sadiya: Akwai wata fassarar da wasu masu sharhi a Japan suke yi, cewa dodon rayukan sojojin da suka mutu a tekun kudu ne suka dawo, suna fushi da ƙasar da ta tura su ta kuma manta da su. Suna kafa hujja da cewa ya rushe ginin majalisar dokoki amma bai taɓa fadar sarki ba. Wannan ai ya amsa tambayar Yaya Bala ta me ya sa Tokyo.

Malam Idi: Fassarar tana nan, Sadiya, har wani fim ɗin Godzilla na 2001 da Shusuke Kaneko ya ba da umarni ya ɗauke ta ya faɗa ƙarara cewa rayukan waɗanda yaƙin Fasifik ya ci ne suka shiga jikin dodon. Sai dai a na 1954 ba wanda ya furta haka. Abin da yake a fili shi ne hoton garin yana ci da wuta, wanda ga mazauna Tokyo tuni ne na daren 10 ga Maris 1945, lokacin da jiragen Amurka suka ƙone gabashin birnin, mutum kusan 100,000 suka mutu.

Mamman: Gaisuwa daga Maraɗi. Maganar cewa wanda ya tayar da bom daban, wanda ƙurar ta sauka a kansa daban, mu ma ta taɓa ƙasarmu. Faransa ta fara gwajinta a Reggane cikin hamadar Aljeriya a Fabrairun 1960, lokacin hunturu, iska na kaɗowa kudu. A kan haka Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Don haka ni ina tare da Hauwa'u. Rashin adalcin da Yaya Bala ya gani a zaɓen Tokyo, ai shi ne saƙon.

Sadiya: Amma ni a wanda na kalla babu hirar jirgin ƙasan nan, kuma wani ɗan jarida Bature ne yake ba da labarin.

Malam Idi: Na Amurka kika kalla, na 1956, wanda aka saka ɗan wasa Raymond Burr a ciki a matsayin ɗan jaridar. An yanke hirar, an kuma cire gargaɗin da Yamane ya yi a ƙarshe, cewa in aka ci gaba da gwajin nukiliya wani Godzillan zai sake ɓullowa. Ki nemi na Japan ɗin.

Nasiru: To mu zo ƙarshen fim ɗin. Serizawa, masanin da ya ƙera makamin da ke cinye iskar numfashi, shi da Ogata sun nutsa ƙarƙashin ruwa da makamin don kashe dodon. Yaya suka tarar da dodon? Yana hutawa, ba ya faɗa da kowa. Kiɗan da Akira Ifukube ya sa a wurin na makoki ne, ba na nasara ba. Wa yake yi wa bom makoki, Hauwa'u? Wanda aka zalunta ake yi wa.

Hauwa'u: Na yarda an zalunce shi, kuma wurin yana taɓa ni sosai. Amma zalunta daban, ramawa daban. Kuma makokin ba nasa ba ne shi kaɗai. Serizawa ya riga ya ƙone takardun bincikensa, sannan ya yanke igiyarsa da hannunsa, don kada a tilasta masa ƙera makamin karo na biyu. A cikin fim ɗin nan kaf, shi ne aka nuna mana niyyarsa dalla-dalla, tun daga shawarar da ya yanke a ɗakin gwajinsa bayan ya ji 'yan matan makaranta suna rera addu'ar zaman lafiya a talabijin. Da Honda yana son mu san niyyar dodon, ai ya iya nunawa.

Yaya Bala: Ƙanwata ta gama magana. Nasiru, kawo mini wuri ɗaya tak da dodon ya bi wani mutum takamaimai, ko ya nemi sansanin soja, ko ɗakin gwajin masana.

Nasiru: Ga shi kuwa: mutane suna gudu a titi, sun ba shi baya, ba fitila ba bindiga, ya sunkuyar da kai ya hura musu wuta. Me suka yi masa? Sannan da ya kifar da gadar Kachidoki ya shiga ruwa, jiragen yaƙi sun biyo shi suna harbi, rokokin duk suna wucewa ta gefe. Ba wanda ya kore shi, Yaya. Da ƙafarsa ya tafi, bayan ya gama abin da ya kawo shi.

Yaya Bala: Ko kuma bayan ya gaji. Daren Shinagawa ma da ƙafarsa ya koma, bayan ya taka jirgin ƙasa da gada ɗaya kawai. In ramuwa ce, me ya hana shi ƙarasawa tun a wannan daren, lokacin da ko shingen lantarkin ba a kafa ba?