Zane a jikin wuƙar ƙira: a ruwanta ya fi ko a ƙota?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina so in sa a ƙera wa mahaifina wuƙar yankan layya, a rubuta sunansa a jikinta tare da zanen dagi, domin shekara fiye da 30 ke nan shi yake yanka ragon gidanmu da hannunsa. Na kai wata wuƙa da na saya a Kasuwar Kurmi wurin wani maƙeri, ya juya ta, ya goga mata magagari, sannan ya ce ba za ta karɓi zane ba. Shin gaskiya ya faɗa mini, ko aikin ne ba ya so?

Jikan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya ya faɗa maka. Wuƙa mai kyau yawanci da sifirin mota ake ƙera ta, kuma bayan an fitar da siffarta a kan uwar maƙera, sai a mayar da ita cikin gawayin ƙirya, a zuga har ta yi jawur, zafin ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Celsius, sannan a tsoma ta a mai ko ruwa. Daga nan ƙarfen ya yi taurin da magagari zai riƙa zamewa a kansa, abin da maƙerin ya gwada ke nan a gabanka. Zane kuwa kafin wannan mataki ake yin sa, lokacin da ƙarfen yake karɓar kurfi, wato ƙarfen da ake sassaƙa zanen da shi. Na ga kakana yana wannan aiki da 'yar ƙaramar guduma, bugu ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙurar ƙarfen da baki kafin ya matsa gaba. Ka ba da aikin tun daga farko, kuma ka roƙa a yi zanen kusa da bayan wuƙar, nesa da kaifi, kada ya yi zurfi, saboda wurin da aka sassaƙe sosai yakan tsage a lokacin tsomawa.

Ɗan Agadas:
A wurinmu maƙeran Buzaye sun fi ƙawata ƙota da kube, inda ake sa tagulla, jan ƙarfe ko azurfa, waɗanda suke da laushi, zane yana fitowa a kansu tsaf, har da rubutunsu na gargajiya, wato Tifinag. Tsofaffin takubba da yawa ma ruwansu daga Turai aka kawo shi, irin na garin Solingen a Jamus, a nan aka yi musu ƙota da ado. Saboda haka wuƙarka ba ta ɓaci ba. Ka kai ta wurin maƙerin fari ya ɗaura mata zoben tagulla a wuyan ƙota ya zana sunan Baba, baduku kuma ya ɗinka kuben da dagi a jiki.

Uwar Gida:
Ni ce mai wanke wuƙaƙe bayan an gama fiɗa, kuma na lura jini da kitse suna maƙalewa a cikin zane, daga nan tsatsa take farawa. Idan za a yi a ruwan wuƙar, sai an riƙa wankewa nan take, a busar, a shafa mai. Ina kuma roƙonka, ɗan'uwa, idan sunan Baba yana ɗauke da sunan Allah, kamar Abdullahi, kada a rubuta shi inda jini zai taɓa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sunan nasa kuwa irin wannan ne, don haka a zoben ƙota za a rubuta laƙabinsa kawai, ruwan wuƙar a bar shi yadda yake.