Askin tunkiya mai tsohon ciki a tsakiyar sanyi, wannan ba zalunci ba ne?

Baƙon Dusar Ƙanƙara:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwo da likitocin dabbobi na wannan zauren ku zo ku raba ni da wani tunani. Ina zaune a wani ƙauye a jihar Vermont ta Amurka, maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce ta haura saba'in, tana da tumaki 23 irin wanda suke ce wa Romney, ba don nama take kiwonsu ba, don ulu ne, ta aske ta wanke ta kaɗa zare ta sayar wa masu saƙa. Bana gwiwa ta matsa mata, ga lokacin haihuwa ya zo, sai na ce Mama bari in riƙa duba miki su da dare, ni da na tashi a gidan kakata cikin tumaki ai ba za a nuna min tunkiya ba. To ashe da sauran karatu.

Tsakiyar Fabrairu wani mai aski ya zo da injinsa, kafin azahar ya aske su tas, masu ciki fa, wasu hantsa har ta fara cika, alhali da dare sanyi yana sauka 15 ƙasa da sifili, ruwan bokiti sai ka sa guduma. Na ce Mama me ya sa ba za a bari sai sun haihu rana ta fito ba, ta yi dariya kawai ta ce haka ake yi.

Shekaranjiya wata ta haifi tagwaye wajen goma na dare, duka biyun sun miƙe, na ga kamar suna lalubar nono sai na tafi na kwanta. Biyar na asuba na dawo na tarar ɗaya na tsalle ɗayan kuma kwance a lungu ya dunƙule, na sa yatsa a bakinsa sanyi ƙalau. Na cusa shi cikin jaket na kai gaban hita, na ɗura masa madara da kwalba, ya ɗan motsa sai ya fara shure-shure ya mutu a hannuna. Raina yana gaya min da uwar na da gashinta da ya samu wajen raɓewa. Ita Mama ba ta ce min komai ba, ta ɗauke shi kawai, wannan shirun nata ma ya fi damuna. Shin askin nan ne ya jawo ko kuwa?

Likitan Shanu:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amma ka yi haƙuri in gaya maka gaskiya, askin ba shi da laifi, abin da ka kwatanta yunwa ce ta kashe shi, sanyin ya ƙarasa ne kawai. Ɗan tunkiya ana haifarsa da wani ɗan kitse a jiki wanda yake ƙonawa ya ɗumama kansa, kamar awa biyar ya cinye shi, in dakashi, wato nonon farko na uwa, bai shiga cikinsa ba kafin nan to shi kenan wuta ta mutu. Lalubar nono ba shan nono ba ne, sau da yawa ƙofar nonon a toshe take da wani abu kamar kakin zuma sai ka matsa ka tatso da hannunka, a tagwaye kuma mai ƙarfin ya ture ɗan'uwansa. Ka ɗaga shi ka taɓa cikinsa ta bayan haƙarƙari, in a cike yake za ka ji. Ƙa'idar ita ce mililita 50 na dakashi a kowane kilo na nauyinsa a awannin farko, mililita 200 a kilo cikin kwana ɗaya.

Sai maganar hita. Zafin jikinsa na lafiya digiri 39 zuwa 40 ne a ma'aunin Celsius. In ya sauka ƙasa da 37 kuma ya wuce awa biyar da haihuwa, ba a fara ɗumama shi sai an ba shi sukari tukuna, domin jiki na ɗaukar zafi zai nemi abin ƙonawa, babu, sai ƙwaƙwalwa ta rasa, shi ne shure-shuren da ka gani. In yana iya ɗaga kai a ba shi dakashi ta bututun roba har ciki, in ba ya iyawa allurar gulukos ake yi masa ta ciki, wannan kuma ka sa likitan dabbobin Mama ya nuna maka da hannu kar ka koya a intanet. Kwalba ga wanda ba ya haɗiya kuwa huhu take tafiya.

Shi askin dabara ce. Tunkiya mai ulu ba ta jin sanyi, sai ta je ta haihu a fili kan ƙanƙara hankalinta kwance, wadda aka aske da kanta za ta nemi rumfa ta shiga da ɗanta. Nono yana fili, jariri ba zai kama curin gashi mai kashi yana tsotsa ba, tana jin sa in ta zo kwanciya ba ta danne shi, kuma ulu jiƙaƙƙe na cika ɗaki da laima. Ga shi tana ƙara cin abinci bayan aski, a makonni shidan ƙarshe kuwa ɗan ke yin mafi yawan girmansa. Sharaɗin kawai a samu rumfa marar iska da shimfiɗar ciyawa busasshiya da ƙarin abinci.

Maman Saƙa:
Likita ya faɗi na lafiya, ni bari in faɗi na kuɗi tunda zare nake saya lol. Malam wahalar haihuwa da shayarwa tana fita a jikin gashin, daidai inda ya tsiro a waɗannan kwanakin sai ya yi siriri ya yi rauni, in ka ja silin da yatsu biyu nan zai tsinke. To in aka bari sai Mayu ko Yuni aka yi aski, raunin nan ya shiga cikin tsawon silin kenan, kana sharcewa yana gutsurewa, mai kaɗi ba za ta sake sayen kayanki ba. In ko an aske daf da haihuwa raunin zai faɗo can bakin silin baɗi inda ba ya ɓata komai. Ga ƴaƴan in sun fara wasa bayan uwa suke hawa da kashi a ƙafa, ulun shekara guda su lalata shi a sati. Ka duba ma ƙila tana sa musu riga, ba don sanyi ba fa, don kar ɓurɓushin ciyawa ya shiga gashin ne, ranar da na fara ganin tunkiya da riga dariya kamar in faɗi.

Irin waɗannan ƙananan gonakin da mu masu saƙa suke rayuwa, don in a buhu za ta kai wa ƴan kasuwa wani lokacin ko kuɗin mai aski ba zai fito ba. Ka roƙe ta ta tafi da kai Rhinebeck a jihar New York watan Oktoba ka ga kasuwar ulu, za ka riƙe baki. Kuma Vermont ɗin da kake tsohuwar ƙasar tumaki ce, wani William Jarvis da ya yi ƙaramin jakadan Amurka a Lisbon shi ya kwaso tumakin Merino na Sifaniya wajajen 1810, zuwa 1840 tumakin jihar sun haura miliyan ɗaya da rabi, sun ninka mutane sau da yawa, katangun duwatsun nan da kake gani cikin daji da can makiyaya ce.

Af, in uwargida na da juna biyu kar ta kusanci garken, kayan da ka shiga da su ma kai za ka wanke, akwai cututtukan ɓari da ake ɗauka a ruwan haihuwar tumaki.

Ɗan Tillaberi:
Yaro kar ka ga laifin kanka da yawa, ilimin kakarka na Balami da Uda da Yankasa ne, su gashi gare su ba ulu ba, kuma duk wata suna iya haihuwa. Na can sai rana ta fara gajarta suke neman rago, a sake shi Oktoba, wata biyar ciki, sai duk su zubo lokaci ɗaya. Amma kar a ce mu ba mu san tunkiyar ulu ba, nan Nijar bakin kogi wajenmu akwai Kundum, a Mali akwai ta Masina wadda Fulani ke saƙa bargon da ake kira kasa da gashinta, sai dai namu sun yi ƙaranci yanzu, kowa babban ragon Sallah yake so. Ko a nan ɗin in hunturu ya yi tsanani ɗan da bai sha dakashi ba ba ya kwana.

Sarkin Tsokana:
Ni tambayata ɗaya ce, mazan da aka haifa ina ake kai su? 😂 In da hali ka ce wa Mama ta ware mana biyu kar a sa musu robar nan ta guntule wutsiya, don a littattafanmu na Malikiyya in sulusin wutsiya ya tafi layya ba ta yi, bara da ƙyar muka samu mai wutsiya.

Baƙon Dusar Ƙanƙara:
Na gode ƙwarai jama'a, likita maganarka ta yi min ɗaci amma na karɓa. Na je na gaya wa Mama cewa ban tatsa nonon ba ranar, ta ce ta sani, ta duba da safe ta tarar ɓangare ɗaya a toshe, ba ta so ta faɗa min ne don kar in gudu in bar ta da sauran. Ta buɗe firiza ta nuna min dakashin da ta daskarar a ƴan ƙananan robobi, ashe yana nan tun farko ban tambaya ba.

Jiya biyu da rabi na dare wata ta zubo ƴan uku, na tsoma cibiyoyi a aidin, na tatsa nono biyun, na rufe su a ɗan kejin nan ita da su kaɗai, ƙaramin na zauna a kan bokiti na riƙe shi a nono sai da na ji cikinsa ya yi tam. Saura tara ba su haihu ba. Da rana ƙanƙara ta fara narkewa hanyar garken ta zama taɓo har idon sawu, maƙwabta sun fara rataya bokitai a bishiyoyin mapul suna tarar ruwan zaƙi. Sarkin Tsokana na isar da saƙonka, ta ce doguwar wutsiya da ulu ƙuda take tarawa da bazara ta yi tsutsa, amma in kai za ka zo kana aske musu gindi duk wata to ta yarda. Maman Saƙa dan Allah da me ake fitar da warin nan daga jaket, wanki uku na yi uwargida ta ce a waje zai kwana.