Inna ba ta iya tafiya ko zuwa zaure, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata shekarunta 61, a Birni muke nan Damagaram. Likita ya yi mata hoton zuciya, ya ce zuciyar na matsawa daidai, amma ta sandare, ba ta cika da jini yadda ya kamata, ga kuma ƙiba, kilo 104. Yana ba ta furosemide, maganin fitar da ruwan jiki ta fitsari, kumburin ƙafa ya sauka, mun rage gishiri da maggi, kanwa kuwa mun cire ta gaba ɗaya daga miya da kunu.

Abin da ya tsaya mana shi ne tafiya. Ya ce ta riƙa takawa kullum don nauyi ya ragu, amma daga ɗaki zuwa zaure sai haki ya kama ta, ta dafa bango. Matar da da ƙafa take zuwa kasuwar Dole, yau sallah ma a zaune take yi, barci sai da matashi uku. Wallahi ganin hawayenta shi ya fi damuna.

Wanda ya yi jinyar irin wannan, minti nawa kuka fara da shi? Wane haki ne za a ce ta tsaya? Allurar semaglutide da ake ba masu ƙiba da wannan ciwon, ana samunta a Nijar?