Hajiyarmu ta faɗi sau biyu cikin wata ɗaya, dan Allah ku ba ni shawara

Mai neman shawara (an ɓoye suna):
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah a ɓoye min sunana. Maganar mahaifiyarmu ce ta hana ni barci. Shekarunta sun haura 70, tana cikin birnin Kano a gidanmu na gado ita da ƙaninmu da matarsa da jikoki, ni ina aure a wata unguwar. Cikin watan nan sau biyu tana faɗuwa. Na farko da asuba ne ta tashi za ta zaga ta yi alwala, ba wuta, tace tana miƙewa daga katifa ta ji ɗakin yana juya mata sai ganinta ta yi a ƙasa, goshinta ya bugi bakin ƙofa har ya kumbura. Na biyun a banɗaki, santsin tayil ya kwashe ta ta zauna da ƙugu, kuma tayil ɗin nan Yayanmu ne ya sa mata bara don ya kyautata mata. Alhamdulillah tana takawa amma da ɗingishi, kuma tun ranar tsoro ya shige ta, matar da ko suna ake a ƙarshen layi ba ya wuce ta yanzu ko tsakar gida za ta fito sai ta bi bango.

Tana da hawan jini tana shan magani, idonta na dama ma ya daɗe tana cewa hazo-hazo take gani amma da ka ambaci asibiti sai tace tsufa ne ba ciwo ba. Yanzu gidan ya rabu biyu, Yaya yace a hana ta fita daga ɗaki kwata-kwata a riƙa kai mata komai har fo, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba. Akwai inda ake duba tsofaffi a kan irin wannan ne, ko asibitin unguwa ma zai iya? Ba mu da ƙarfi sosai gaskiya.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Hajiya, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai ina bayan Yayanku, tsoho in ya fara faɗuwa a zaunar da shi kawai shi ne kwanciyar hankalin kowa.

Anti Nas:
Maman Hanif ki yi haƙuri amma a nan ban yarda da ke ba ko kaɗan. Shekara da shekaru ina aiki a asibitin sha-ka-tafi, tsohon da aka zaunar a ɗaki ƙafarsa ce take fara mutuwa, naman cinya ya zube, ranar da ya yunƙura zai tashi shi kaɗai, kuma wallahi sai ya yunƙura don ba mai son a riƙa ɗaga shi kullum, ranar ce zai yi faɗuwar da ta fi ta baya muni. Ga damuwa da take kama su in suka ga an mai da su kaya.

'Yar uwa faɗuwar farko ta fi ɗaukar min hankali. Jiri da zarar an miƙe daga kwance, ga maganin hawan jini, sau da yawa jinin ne yake sauka ƙasa lokacin tashi, kai bai samu isasshe ba sai a ga duhu. Ki kai ta asibitin mazaɓarku, ki ce a gwada jininta tana kwance bayan ta huta kamar minti 5, sannan a sake gwadawa tana tsaye bayan minti 1 da kuma minti 3. In lambar sama ta awon ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, to an gano bakin zaren. Wannan gwajin ba ya buƙatar komai sai abin awon jini, amma sai kin roƙa don yawanci a zaune kawai ake gwadawa a sallami mutum.

Sannan ki tattara DUK abin da take sha ki zuba a leda ɗaya ki tafi da shi, na asibiti da na kemis da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta ba ta tace ya yi mata aiki. Akwai na hawan jini masu sa fitsari irin su Moduretic da Lasix, in ana sha da dare dole ta yi ta zaryar banɗaki cikin duhu. Akwai Piriton da Valium da tsofaffi suke saya don barci, suna barin mutum da layi har safiya. Mai ciwon suga kuma maganinsa kan sa sugan ya faɗi ya yanke jiki. Amma kar ku tsayar mata da ko ƙwaya ɗaya da kanku, likita ne zai rage ko ya canja ko ya mayar da shi safe.

Ɗingishin nan ma kar a bar shi a haka. Tana takawa ba ya nufin ba tsagewa, a yi hoton ƙugun. Mu mata bayan al'ada ta ɗauke ƙashinmu raguwa yake yi, faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe riga ita ce take karya tsohuwa.

Mai neman shawara:
Anti Allah ya saka da alheri. Wallahi kamar kina gidan, da daddare take shan nata bayan isha'i kuma matar ƙanina tace tana jin fitarta ya kai sau uku kafin asuba. Goshin fa? Kumburin ya saɓe, shi ke nan ko?

Anti Nas:
Saɓewar kumburi na waje ne. A tsofaffi jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali, sai bayan kwanaki ko ma makonni alamun su fito. Ku sa mata ido, in ta fara ciwon kai mai naci, amai, yawan barcin da ba ta saba ba, rikicewa ko maganarta ta canja ko ɓari ɗaya ya yi sanyi, kar a tsaya jiran gobe, babban asibiti kai tsaye. In tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ma ki faɗa wa likitan tun farko.

Abu Sadik:
Ni magini ne bari in sa baki ta ɓangarena. Tayil mai sheƙi a banɗakin tsoho hatsari ne, ruwa da kumfar sabulu suna hawa ya gama zama tarko. Ba sai an fasa duka ba in ba kuɗi, a shimfiɗa tabarmar roba mai huji-huji irin ta wurin alwalar masallaci, ta rufe daga bakin ƙofa har wurin tsuguno. A samu mai walda ya lanƙwasa fayif na ƙarfe a kafa a bango da siminti, ɗaya kusa da masai ɗaya wurin wanka, a gwada tsayin da ita Hajiyar tana tsaye kar a yi da ka. Ki tabbata an kafa shi da kyau ki rataya da ƙarfinki ki gani, don ƙarfen da zai fita a hannunta gara babu shi. Kujerar roba mai ƙarfi ta zauna ta yi wanka da alwala a kai, ɗaga ƙafa ɗaya a wanke a tsaye yana kayar da mutane sosai. In tsuguno yana ba ta wuya akwai kujerar masai da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, kafinta ma yana iya yi.

Sai ki zaga gidan ki duba dokin ƙofa mai tudu, bakin rariya inda gansakuka take kamawa da damina, ledar ɗaki da ta naɗe a gefe, wayar caji da yara suke ja a ƙasa. Ƙwan sola ɗaya a ɗakinta ɗaya a hanyar banɗaki a bar su a kunne har safe, maganar jiran NEPA ba ta taso ba.

Ummu Aiman:
A ƙara da silifas. Nasu duk ya suɗe ba sa yarda a yar. Ki saya mata takalmi mai kama dunduniya mai ƙasan roba, ki ɗauke tsohon kar ta gan shi. Zani da hijabi ma a rage tsayi, kakata bakin hijabinta ta taka a kan dakali.

Baban Walid:
Ƙugun nan ku kira mai ɗori ya duba kawai, mu a gidanmu ba ma kai karaya asibiti kuma ana warkewa.

Anti Nas:
Malam ban raina masu ɗori ba, amma karayar wuyan ƙashin cinya tana can ciki ne cikin ƙugu, ba wurin da za a ɗaura kara. Alamarta in ta cika, ƙafar takan gajarce ta juya waje mutum ya kasa takawa, kuma mafi yawanci aiki take buƙata da wuri. In aka kwantar da tsohuwa wata da watanni ana jira, gyambon kwanciya da ciwon huhu su suke tafiya da ita. Ga asibitin ƙashi na Dala nan cikin Kano, a yi hoto tukuna a san me ake ciki. Kuma dan Allah duk wanda tsohonsa ya faɗi kar a fizgo shi ta hammata a tsayar, a tambaye shi ina ke ciwo, in ƙugu ne ko wuya ko baya a bar shi yadda yake a lulluɓe shi a nemo taimako.

Maman Twins ta Ingila:
Ina aikin kula da tsofaffi a nan Ingila, abin da na gani shi ne su faɗuwa ciwo suka ɗauke ta mai dalili da ake nema. Wanda ya kai 65 ma'aikatan lafiya sukan tambaye shi ko ya faɗi cikin shekarar, in ya faɗi fiye da sau ɗaya a tura shi wurin masu kula da faɗuwa, su duba magani da ido da tafiya, wani ya zo har gida ya ga inda za a sa abin dafawa, a ba shi wani ɗan maɓalli ya rataya a wuya in ya faɗi ya danna. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum kusan 684,000 ne suke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma 'yan sama da 60 abin ya fi kashewa. Ina karanta wannan iyayenmu na gida nake tunawa wallahi, mu da muke cewa tsautsayi ne mu yi shiru.

Abin da suke yi da na'ura mu muna da mutane. Jika ɗaya mai hankali ta riƙa kwana a ɗakinta, da ƙaramar waya kusa da filo. Ga gwajin da muke yi ki gwada a gida, ta zauna a kujera, ta tashi ta yi tafiyar mita 3 ta juyo ta zauna, ke kina kusa da ita kina duba agogo. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye tana cikin masu hatsarin sake faɗuwa, ki faɗa wa likita. Motsa jikin da ya fi sauƙi kuma shi ne tashi da zama daga kujera a hankali, ta fara da kaɗan safe da yamma ana ƙarawa, sai tsayuwa tana dafe da bango tana ɗaga dunduniya. Amma bayan an yi hoton ƙugun. In kun samu likitan gashi, fisiyo, shi zai tsara mata daidai ƙarfinta ya kuma auna mata sanda, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunta in ta tsaya ta saki hannu, ta riƙe a ɓangaren ƙafar da ba ta ciwo.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ta wajen ibada kuma a kwantar mata da hankali, don na san tsofaffinmu abin da yake sa su ƙin kujera kenan. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Bukhari, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. In tasowa daga sujada yana kawo mata jiri ta zauna abinta. Ku sa limamin unguwa ko malamar islamiyyarsu ta faɗa mata, ta fi jin nasu a kan naku 'ya'ya.

Ummu Aiman:
Idon fa kowa ya manta. Hazo-hazon nan zai iya zama yanar ido, kuma aikin cire yanar ba ya daɗewa, surukata da safe aka yi mata washegari aka buɗe tana ganin jikokinta tana hawaye. Akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, akwai ɓangaren ido a asibitin Malam Aminu Kano, wani lokacin ƙungiyoyi ma suna yin na kyauta ki riƙa sauraron sanarwa a rediyo. A auna har da hawan jinin ido don shi ba ya ciwo sai dai gani ya yi ta tafiya.

Abu Sadik:
Duk wannan da kyau amma a faɗi gaskiya, asibitin unguwarmu in ba awon ciki ko rigakafin yara ba ba ka ganin wani ma'aikacinsu ya shigo layinmu. Na kai mahaifina ko kujerar da zai zauna ya jira babu. Tsofaffi kamar ba a lissafa da su.

Anti Nas:
Ban musa maka ba, nima abin yana ci min rai. Shiga unguwa yana cikin aikin ma'aikatan lafiya na al'umma, amma kusan duk shirye-shiryen da ake turo mana na mata masu ciki ne da yara. Duk da haka akwai ƙofofin da mutane ba sa ƙwanƙwasawa. Asusun BHCPF, wato asusun gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, an yi shi ne don marasa ƙarfi kuma tsofaffi suna ciki, a Kano ta hannun KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ake rajista, 'yar uwa ki tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko ana ɗauka yanzu da abin da za ki kawo. Akwai kuma kwamitin ci gaban mazaɓa da mai unguwa yake da baki a ciki, in gidaje goma suka je suka ce muna son a ware rana guda a wata ta awon jini da suga da duba magungunan tsofaffi, abu ne da ma'aikaci ɗaya da abin awo ɗaya zai yi. Ni in aka kira ni gida kusa ina zuwa bayan an tashi, kuma na san irina suna da yawa.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na tura wa Yaya duk bayanan nan ya karanta, ya sauko daga maganar kulle ta a ɗaki, yace shi zai biya mai walda da kuɗin hoto. Ledar magungunan tana hannuna, har da wani na barci da ba wanda ya san tana sha. Matsalar da ta rage Hajiya tace ita ba za ta riƙe sanda ba wai sai ka ce wata tsohuwa tukuf, kuma ba ta son jika ta kwana mata a ɗaki.

Maman Hanif:
Toh na janye tawa tunda masana sun yi magana. Sandar kuma kar ku ba ta da hannunku, ku samu ƙawarta ko yayarta da take riƙewa ta kawo mata a matsayin tsaraba. Jikar ma ku ce yarinyar ce take tsoron kwana ita kaɗai ko tana son Hajiya ta riƙa tashinta sallar asuba, za ki ga da kanta ta shimfiɗa mata tabarma. Ki dawo ki faɗa mana yadda hoton ya nuna dan Allah.