Dardumar tsumma ta ƙi kwanciya, bargon ma sai tsukewa yake, masu kwarashi ku taimaka

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa, dan Allah taimako nake nema akan abu biyu. Na tara tsofaffin zannuwan gado da tishat ɗin yara da suka musu kaɗan, nace maimakon su yi ta cin wuri bari in yayyanka in saƙa darduma mai zagaye irin ta bakin gado. Toh tsakiyar ta fito lafiya lau amma tunda ta fara faɗi sai bakin ya dinga tasowa sama, yanzu ta koma kamar kwano, in na danne nan can ya tashi. Na biyu kuma bargon jariri nake yi da zaren ulu layi-layi, ƙasan da faɗinsa amma ina ƙara tsawo yana ƙara tsukewa ta gefe ɗaya. Kwarashina mai milimita 5 ne, da shi nake duka biyun kuma wlh wuyan hannuna har ya fara ciwo. Sai na warware ne ko akwai wata dabara?

Uwar_Kwarashi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Bari in fara da darduman. Mai milimita 5 ɗin nan na ulu ne, ba ruwanshi da tsumma, shi yasa hannunki ke ciwo don kokawa kike da ƙyallen ba saƙa ba. Ki nemi babba, daga milimita 10 zuwa 15 gwargwadon kaurin yankanki, ƙugiyar ta ɗauki ƙyallen gaba ɗaya ba sai kin yi ta tura shi da farce ba.

Tasowar bakin kuma ƙarin ido ne ya yi kaɗan, ido wato kowace suka guda da kika saƙa da kwarashi. Kinga duk zagayen da kika ƙara ya fi na baya tsawo, in ba ki ba shi idon da zai cike wannan tsawon ba dole ya ja sama. Lissafin kuwa ba wuya: in singil kike yi, wato gajeren ido da ake sokawa kai tsaye, ki fara da ido 6 a tsakiya, kowane zagaye ki ƙara 6, wato 6, 12, 18, 24, 30 haka dai. Zagaye na biyu biyu-biyu a kowane ido, na uku ido ɗaya sannan ƙari, na huɗu ido biyu sannan ƙari. In dabul ne, wanda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka, tunda ya fi tsayi sai ki fara da 12 kina ƙara 12. Kuma kar ki dinga sa ƙarin a wuri ɗaya kullum, in kika jera su kan juna darduman zai fito da kusurwa shida ba zagaye ba, ki ɗan dinga gusar da su. In kuma kika ga bakin yana tattarewa yana hawa da sauka toh ƙarin ya yi yawa, sai ki yi zagaye ɗaya ba ƙari ko ɗaya.

Maganar warwarewa kam ba makawa, amma ba duka ba, ki koma daidai inda yake kwance ki ɗora daga nan. Wasu za su ce ki jiƙa ki danne da abu mai nauyi, yana ɗan yi in tasowar kaɗan ce amma wanki ɗaya zai koma yadda yake.

Mai_Tsumma:

Anti Uwar_Kwarashi lissafinki daidai ne ba musu, amma ni inaga a tsumma ƙirga kaɗai ba ya fitar da mutum. Zaren kamfani kaurinshi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ƙyalle kuwa wani wurin ya yi kauri wani wurin ya sirance, ga mahaɗa nan da can. Ni abinda nake yi duk zagayen da na gama sai in shimfiɗa shi a ƙasa in duba, ba akan cinya ba don akan cinya komai kwance yake. In na ga ƙyallen yana miƙewa da ƙyar kafin ya kai ido na gaba sai in sa biyu a nan ko lissafi bai kawo wurin ba.

Sannan 'yar uwa na lura kince zanin gado da tishat kika haɗa, nan ma akwai matsala. Tishat yana talewa, zanin gado ba ya talewa ko kaɗan. In kina saƙa da na tishat hannunki na jan shi ba ki sani ba, kina saki sai ya koma ya tsuke zagayen, shikenan baki ya tashi. Ki raba su, kowanne da dardumarshi. In dole sai kin haɗa saboda kala toh a ƙalla kar su haɗu a zagaye ɗaya kuma ki sassauta hannu sosai a na tishat ɗin.

Yanka kuma, zanin gado ki ɗan tsaga bakin da almakashi faɗin santimita 3 ko kusa da haka sai ki ja ki yaga da hannu, zai bi zaren saƙarshi ya tafi a miƙe, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai zai yi ta zubar da zarurruka, ki zauna ki cire su tun kafin ki dunƙule in ba haka ba za su yi ta naɗe miki kwarashi. Yadi mai kauri ki rage faɗin, mai shara-shara ki ƙara, don su zo kauri ɗaya a hannu. Tishat ba a yaga shi, ki yanke daga hammata zuwa sama ki cire kalmasar ƙasa, abinda ya rage ki yayyanka a kwance amma kar ki kai ƙarshe, ki bar kamar yatsa biyu a gefe ɗaya, bayan nan ki buɗe wurin da kika bari ki yanka a karkace daga wannan tsaga zuwa ta gaba, zai fito miki dogon zare guda ɗaya ba mahaɗa. Kina jan shi zai nannaɗe da kanshi kuma shi ba ya zubar da zare.

Haɗa ƙyalle dan Allah kar ki ƙulla, ƙulli a ƙarƙashin tafin ƙafa ba daɗi. Ki huda ƙaramar tsaga a bakin kowanne, ki zura sabon ta tsagar tsohon sannan ki zura jelar sabon ta tsagar kanshi ki ja a hankali. Ko in kina da keke ki ɗora su ki ɗinke a karkace. Kuma ki wanke komai kafin ki yanka musamman ja da shuɗi masu zuba.

Sabon_Hannu:

Kai nagode sosai Allah ya saka da alheri, ashe tishat ɗin ne ke ja, don daidai inda na fara sa shi abin ya fi tashi. Toh bargon fa? Dabul nake yi, a bidiyo na koya, na fara da sarƙa na ƙirga daidai amma daga baya ban sake ƙirgawa ba.

Zare_da_Allura:

Ƙanwata ido kike zubarwa a bakin layi, kusan kowa da haka yake farawa. A dabul in kin kai ƙarshe kina yin sarƙa 3 ki juya ko? Toh yawanci wannan sarƙa 3 ɗin ana ƙirga ta a matsayin ido ɗaya, ma'ana in kin dawo ƙarshen layi na gaba dole ki soka kwarashi a saman sarƙa ta ukun nan ki yi dabul ɗin ƙarshe. Ita kuma ba ta fitowa sosai, tana lafewa a gefe, sai mutum ya ɗauka ya gama ya juya. Ido ɗaya a layi ba ya nunawa, amma layi 20 ido 20 kenan sun tafi. Ki samu fil mai kulle ko guntun zare wata kala ki maƙala a idon farko na kowane layi kina gama yin shi, in kin dawo sai kin taɓa fil ɗin sannan ki juya. Kuma ki dinga ƙirgawa ko bayan layi biyar-biyar ne.

Bidiyon ma ki kula da na wace ƙasa ne, abinda 'yan Amurka ke kira singil shi 'yan Ingila ke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma tirebul ne a Ingila. Ki kalli hannun mai yin, in ta naɗa zare a kwarashi kafin ta soka toh mai tsayin ne, in ta soka kai tsaye gajeren ne.

In za ki sake farawa ki yi sarƙar farko da kwarashin da ya ɗan fi naki girma, kamar mai 6, sannan ki koma 5, don sarƙa tana yawan tsukewa sai bargo ya lanƙwashe ta ƙasa. Zaren kuma ki duba takardar jikinshi akwai lambar rini, ki sayi duka lamba ɗaya lokaci guda, kala ɗaya ce amma rini daban sai a rana za ki ga layin bambancin. Kuma yawancin abinda muke kira ulu ɗin nan akirilik ne, roba ce, kar dutsen guga ya taɓa shi zai narke ko ya mutu ya yi laƙwas. In tsukewar ba yawa ki bi bakin da zagayen singil biyu ko uku zai ɗan rufa asiri.

Uwar_Kwarashi:

Zagaye baki yana gyara ɗan karkata amma ba ya maido da ido 20 fa, in ya kai haka gara ta warware tun bai yi nisa ba, bargon jariri ne ai faɗinshi bai wuce santimita 75 zuwa 90 ba. Ni da za ki ji tawa ma ki gwada na murabba'i ƙanana ki haɗa daga baya, dabul uku-uku da sarƙa 2 a kusurwa, in ɗaya ya lalace shi kaɗai za ki warware kuma guntayen zare duk suna shiga. Wahalarshi ɗaya jelar zare, ki dinga soke su da allura kina tafiya kar ki tara sai ƙarshe, za ki tsani bargon. Sai dai na jariri ni ban cika son mai manyan ramuka ba saboda 'yan yatsu.

Don sanin yawan zaren da zai ishe ki, ki saƙa guda ɗaya ki ɗora a ƙaramin sikeli, ki ninka nauyin da adadin da kike buƙata ki ƙara ɗan rara na haɗi da baki.

Mai_Tsumma:

Na manta, maganar darduma, in mai zagayen ta ishe ki ki yi mai tsawo irin ta gefen gado, sarƙar farko ita ce tsawon da kike so a cire faɗin, misali santimita 90 da 60 sai ki yi sarƙa ta santimita 30, ƙari a kawunan biyu kawai kike yi, in singil ne uku-uku a kowane zagaye, gefen da ke miƙe ba a ƙara komai. Kuma in akan tayil za ki shimfiɗa ki sa robar hana santsi a ƙasa don tana zamewa sosai musamman da yara masu gudu. In kin wanke ki shanya ta a kwance, in kika rataya a igiya nauyin ruwan zai ja ta ta miƙe ta gefe guda.

Sabon_Hannu:

Na ƙirga yanzun nan, da gaske ne idon sun ragu sosai. Na fara warwarewa amma zaren ya fito duk a nannaɗe, in ci gaba da shi haka ko sai na miƙar da shi?

Zare_da_Allura:

Ki sake dunƙule shi sako-sako ki ci gaba abinki, in kin wanke bargon zai daidaita.